Zuwana Bauchi Don In Ɗauko Habibu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya fitar da ni ya kuma dawo da ni cikin iyalina lafiya.

A shekarar da aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya, bayan rufewar nan da ta sa kayan abinci suka gagari mutane a nan Damagaram, a shekarar ce na yi tafiyata ta Bauchi. Tun da na dawo ba na zama a majalisa sai wani ya ce, "Malam Ilyasu, ina yaron? Ka ce mana ɗauko shi za ka yi, ga shi ka dawo kai kaɗai." Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji kai, wancan ya ji wutsiya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajamina, wanda bai iya ba a karanta masa. Akwai tsofaffin mata biyu a cikin labarin. Na canza sunayensu, kuma sai da na nemi izininsu kafin in ɗora alƙalami.

Habibu ɗan marigayi ƙanena ne. A Daura ya yi sakandare wajen dangin uwarsa, shi ya sa ya sami Turancin Ingilishi, daga nan ya wuce jami'a a Bauchi yana karanta abin da suke kira ilimin zamantakewa. Ni na haɗa shi da Malam Bala na Ƙofar Ran, abokina tun muna neman ilimi a Zariya, a gidansu ya fara zama kafin ya kama ɗaki kusa da makaranta. Yana shekarar ƙarshe sai wani mai fataucin albasa ya dawo da labari. Ya ce da idonsa ya ga Habibu a ƙofar coci yana riƙe wa wata tsohuwa jaka, kuma an ce masa kullum yana gidanta, a can yake ci.

Uwarsa Zinaru ta zo ta durƙusa a ƙofar zaurena tana kuka. Ta ce, "Malam, kai ne ubansa. Na tambaye shi a waya wace ce matar, ya ce ba zai iya faɗa mini ba. Ni da na haife shi! Ka je ka gani da idonka. In yaron nan ya saki hanya, ka taho mini da shi, karatun ya lalace."

Na san abin da wannan magana take nufi. In na taho da shi, duk shekarun da ya yi sun tafi a banza. In kuma na bar shi alhali ya ɓata, ni za a tambaya gobe. Da wannan nauyin na hau mota bayan ƙaramar salla, ana tsananin zafi.

Ta Matamaye muka bi. Jakata ba ta da yawa: kilishi da dabino na tsaraba, farar rigata ta shiga mutane, da alƙalami da kurtun tawada, don ba na tafiya ba su. A kan iyaka aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ina zuge jaka sai na ga ashe gargadar hanya ta ture toshiyar kurtun, tawada ta bi farar rigar nan tun daga wuya har aljihu. Ma'aikacin da ke dubawa ya ɗaga ta sama yana kallo, ya ce, "Malam, duk rubutun a riga ka yi shi? Ina allon?" Mutanen mota suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki ba daɗi, don ita kaɗai ce rigar da na yi niyyar shiga jami'a da ita.

Na kwana a Kano wajen wani ɗan garinmu mai sayar da fata, da safe na shiga motar Bauchi. Da direba ya tayar, na fara addu'ar tafiya a hankali. Sai na ji mutumin da ke gefena, wani dattijo mai hular saƙa, shi ma ya sunkuyar da kai yana tasa a fili, da Hausa tsantsa, yana roƙon Ubangiji ya tsare direba da fasinja, ya rufe da sunan Yesu. Rabin motar suka ce amin. Da na shafa tawa, shi ma ya ce amin. A wajenmu sai ka daɗe ba ka ji addu'ar Kirista da Hausa ba, a can kuwa ba wanda ya ko waiwaya. Gab da Ningi taya ta fashe, muka zauna gindin mangwaro. Na ba shi dabino, ya sayo mangwaro ya ba ni, ya tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasarmu raƙumi ya fi mota yawa. Na ce masa a'a, amma ya fi wannan motar tamu lafiyar ƙafa.

Da la'asar muka shiga Bauchi. Mai keken da ya ɗauke ni daga tasha ya yi ta zuba mini labarin wata fasinja da ta hana shi kuɗi, yana cewa "ya sauka, ya tafi," sai can na gane mace yake nufi. Haka da yawa suke Hausarsu a can, ba ruwansu da raba mace da namiji, kuma ba wanda yake ɓata.

Ƙofar Ran unguwa ce irin tamu ta Birni a Damagaram: lungu cikin lungu, zaure na kallon zaure, kowa ya san kakan kowa. Malam Bala ya rungume ni, ya ga rigar da na ciro, ya yi salati, ya ce a kai wa mai wanki ko Allah zai sa. Ya ara mini tasa. Shi kuwa gajere ne, rigar ta tsaya mini a gwiwa kamar ta ɗan dako.

Aka kawo abinci daga cikin gida. A nan na san masar Bauchi. Tamu ta gero ce, ƙanana, a ci da yaji a wuce. Tasu ta shinkafa ce, fara sol, mai kauri da laushi, a kwarara mata miyar taushe. Na ci har na ji kunya. Amma abin da idona ya tsaya a kai shi ne kwanukan. Masar tana cikin wata babbar langa ta da, mai jan fure da ganye kore a murfi. Naman yana cikin ƙaramarta, iri ɗaya. Miyar kuwa a cikin wata robar banza aka zubo ta.

Na ce, "Malam Bala, ina ta tsakiyar? Irin wannan ai uku-uku suke zuwa."

Ya yi dariya ya ɗaga murya wajen ƙofar cikin gida. "Yaya Asabe, kin ji baƙonki. Daga zuwa ya taɓo miki ciwo."

Hajiya Asabe matar yayansa ce, marigayi Malam Umaru, ita ce babba a gidan. Dama ta fito gaishe ni, tana zaune a bayan ƙofa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Damagaram, sannan ta ce, "Ta tsakiyar tana wajen da ba ta dawo ba, Malam."

Malam Bala ya ba ni labarin a gabanta. Da can akwai wasu Kiristoci 'yan kudancin jihar da suke haya a gidan da ke jikin nasu, mijin tela ne, matar sunanta Rifkatu. Ita da Hajiya Asabe ciyayya suke yi, kwano ya tafi da abinci ya dawo da abinci, don a al'adarsu, kamar tamu, ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. In Kirsimeti ta zo, Malam Umaru ne ke yanka musu kaji da akuya, don gidan nan su iya ci. Wata salla Hajiya ta aika da masa a langar tsakiya. Kafin langar ta dawo rikici ya tashi a gari. Malam Umaru ya shigo da su gidansa, a wannan zauren da nake zaune yaransu suka ɓuya, da abin ya lafa ya raka su har tasha. Daga nan ba a sake ganinsu ba. Wasu suka ce sun koma ƙauyensu, wasu suka ce Jos.

"Na sha cewa a sayo wata," in ji Malam Bala, "ta hana."

Hajiya ta ce, "Ni ba kwano ne ya dame ni ba. Da Malam ya rasu, kullum ina duban ƙofar nan ina cewa yau Rifkatu za ta shigo. Har aka share makoki. In tana raye Allah ya sa lafiya ce ta hana ta. Ni dai ban cike gurbinta ba."

Ta tashi ta shiga. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba a lokacin, hankalina yana kan abin da ya kawo ni.

Washegari Habibu ya zo. Ya rame, amma fuskarsa tana nan yadda na san ta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kalli rigar aro ya kau da kai yana danne dariya. Ban bari gaisuwa ta yi tsawo ba.

Na ce, "An gan ka a ƙofar coci."

"Gaskiya ne, Baffa. Tsohuwa ce na raka, ƙafarta na ciwo. Ban shiga ba."

"Wace ce?"

"Tana cikin mutanen da nake yi wa tambayoyi. Aikin kammala karatuna a kan mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya ne, suka rabu. Ina jin ta bakin waɗanda suka zauna da waɗanda suka tashi."

"Ban tambaye ka aikinka ba. Sunanta, da inda take, da abin da kuke faɗa."

Ya sunkuyar da kai. "Baffa, ka yi haƙuri. Na yi mata alkawari."

"Ni ma ba za ka faɗa mini ba?"

"Ko kai, Baffa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron da na yi wa huɗuba a kunne da bakina, yau yana ɓoye mini sunan wata. Na ce ya je ya haɗa kayansa, jibi za mu kama hanya. Malam Bala ya ce in bi a hankali, na ce ba ruwansa. Habibu bai yi gardama ba. Hawaye ya cika idonsa, ya ce, "To, Baffa. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bi ni makaranta gobe ka ga abin da za ka raba ni da shi."

Na yarda, don kada a ce na yanke hukunci ban gani ba.

Makarantar tana bayan gari ta wajen Gubi, sai an wuce gonaki. Na shiga aji da rigata mai tsayawa a gwiwa, na zauna a baya. A zaurenmu ɗalibi shi ke karantawa malam ya fassara, kuma ba mai ɗaga murya sama da ta malam. A nan kuwa malamar, wata mace mai gilashi da suke kira Dakta, ita ce ke jefa tambaya, yara su yi ta musu da ita, tana murmushi kamar an ba ta kyauta. Da Turanci ake yi, amma in musu ya yi zafi sai su zame Hausa. A nan na tsinci abin da ake ciki: wai me ya sa in an yi rasuwa a birni yanzu ake kafa rumfa a titi, ba a zama a zaure kamar da? Wani ya ce gidajen yanzu ba su da zaure. Wata mai gyale ta ce ƙarya ne, nuna arziki ne. Wani yaro mai sarƙar gicciye a wuya ya ce su a wajensu da can a gindin bishiya ake zama. Na ciro takarda ina rubuta abin da na ji, yarinyar da ke kusa da ni ta leƙo ta ce, "Baba, addu'a kake rubuta mana?" Na ce, "A'a, maganarki nake rubutawa." Ta rufe baki da gyale.

Bayan an tashi Habibu ya kai ni ofishin malamar. Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi, ta sa aka kawo ruwa. Na faɗa mata abin da ke tafe da ni ban rage komai ba.

Ta ce, "Baba, ni da nake duba aikinsa ban san sunan matar ba. A takardarsa Tsohuwa ta Ɗaya da Tsohuwa ta Biyu kawai yake rubutawa. Mu ba mu da wani kayan aiki sai abin da mutane suka yarda suka faɗa mana. In ɗalibi ya kwashe maganar wannan ya kai wa wancan, ya cuci mai maganar, ya kuma rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa. Ko kai, Baba, na tabbata mutane suna kawo maka damuwarsu."

Na ce, "Suna kawowa."

"Kana faɗa wa Hajiyarka?"

Na girgiza kai. Akwai maganganun da mata da maza suka zuba mini a zaure, da za su bi ni kabari ba wanda ya ji. Ban taɓa zaton a makarantar boko ana koyar da wannan ba.

Ta ce, "Batun addininsa kuwa ba ni zan ba ka shaida ba, ba a aji ake ganinsa ba. Amma in ka ɗauke shi yanzu, na yi asarar ɗalibi."

Na fito zuciyata ta yi sanyi, amma ba ta kwanta ba. Uwarsa cewa ta yi in gani da idona. Na faɗa wa Habibu haka. Ya yi tunani, ya koma gefe ya buga waya, ya daɗe yana magana, ya dawo ya ce, "Ta ce in kawo ka. Amma Baffa, duk abin da ka gani, daga bakinta za ka ji, ba daga nawa ba."

Gwallameji sabuwar unguwa ce, gidajen bulo da ƙofofin ƙarfe, ba zaure ko ɗaya. Sai ka buga ƙofa a leƙo ta rami a tambaye ka wa kake nema. Muna sauka daga keke aka kira azahar. Wani mai shago ya ɗaga hannu ya ce wa Habibu, "Ɗan Nijar, yau ka makara, har an kusa tayarwa." Muka shiga masallacin unguwar, na ga ladan ya matsa masa wuri kamar wanda ya saba. Na riƙe wannan a raina.

Tsohuwar ta tarbe mu tana ɗingishi, gajeriya, ta ɗaura ɗankwali, Hausarta irin ta cikin gari. Gidan ɗanta ne, yana aiki a wani ofis. A falon akwai hoton da Kiristoci suke ratayewa, da kalanda mai ayoyinsu. A bayan ƙofa kuma na ga buta da tabarma a naɗe. Ta ga ina kallo ta ce, "Na ɗanka ne. In ruwan sama ya hana shi fita masallaci, a nan yake yi. Sannu da zuwa, Malam. An ce za ka ƙwace mini shi."

Na ce, "Uwarsa ce hankalinta ya tashi."

"Tana da gaskiya. Ni ma da nawa ne haka zan yi."

Ta shiga kawo ruwa. Ina zaune ina duban ɗakin, sai idona ya faɗa kan kabad mai gilashi. A can sama, ita kaɗai, an shimfiɗa mata ɗan kyalle, ga langa mai jan fure da ganye kore a murfi. Ba babba ba, ba ƙarama ba.

Na juya na kalli Habibu. Ya kafa idonsa a ƙasa kamar mai neman allura. A nan na gane komai. Yaron nan ya zauna a gidan Malam Bala, ya ci abinci a langa biyu, ya zo nan ya ga ta ukun, ya yi watanni yana kai da komo tsakanin gidajen da maganar a cikinsa.

Da ta ajiye ruwan na ce, "Baiwar Allah, ki gafarce ni. Shekaranjiya na ci abinci a cikin yayar waccan langa da ƙanwarta."

Ta tsaya cak. Sannan ta juya kan Habibu. "Habibu! Ka faɗa? Bayan ka rantse mini?"

Na ce, "Wallahi bai faɗa ba. Uwarsa ta tambaye shi ya ƙi. Ni na tambaye shi ya ƙi, har na ce ya haɗa kaya ya bar karatun, ya ce to. Idona ne ya gani. Ke ce Rifkatu?"

Ta zauna a hannun kujera. Can ta ce, "Ranar da muka fita, ban ɗauki zanena ba, ban ɗauki tukunyata ba. Wannan na ɗauka, don ba tawa ba ce. Na ce in ƙura ta lafa zan cika ta in kai. Muka yi shekaru a ƙauye. Da muka dawo gari na ce bari in sami abin kirki tukuna. Ana haka na ji Malam Umaru ya rasu, kuma sai da aka yi arba'in labarin ya iso ni. Mutumin da ya ɓoye mini 'ya'ya! Na shiga keke na je har bakin lungun, na kasa sauka. Da wane ido zan kalli Asabe? In ce mata me? Na ce wa mai keke ya juya. Daga nan kowace shekara abin sai ƙara nauyi yake."

Ta share ido da bakin zane. "Kuma me zan zuba a ciki? Shi ne mai yanka mana."

Na yi tunani kafin in yi magana, don ɗaukar zance daga gida zuwa gida ba halina ba ne. Amma abin da Hajiya Asabe ta faɗa, a zaure ta faɗe shi, a gaban mutane, ba ta ce in riƙe ba, kuma gyara tsakanin mutane biyu abu ne da aka umarce mu da shi. Na faɗa wa Rifkatu yadda ake zuba miya a roba, da yadda aka hana sayen wata, da maganar da Hajiya ta rufe da ita, cewa ba ta cike gurbinta ba.

Ta rufe fuska ta yi kuka sosai. Habibu ma ya juya baya. Da ta natsu ta ce, "Malam, kana yanka?"

Na ce, "Ina yi. Amma bari in je in nemi iso tukuna. In an ce ki zo, gobe da safe ina nan."

Da na koma na sa Malam Bala ya kira Hajiya bakin ƙofa, na faɗa mata. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Allah ya kai mu goben," ta shige. Na ɗauka ranta ne ya ɓaci. Malam Bala ya kasa kunne, ya taɓa ni ya ce, "Ka ji? Shinkafa take wankewa. Masa za ta jiƙa."

Da safe na koma Gwallameji. Ni da aka aiko in raba yaro da gidan, ga ni a bayan gidan na naɗe hannun rigar aro ina wasa wuƙa a kan dutse, don wuƙar Rifkatu ko albasa ba za ta yanka ba. Zakaran da za a yanka kuma ya kuɓuce wa Habibu, ɗalibin jami'a ya yi ta zagaya tankin ruwa yana binsa, tsohuwa tana daga kujera tana cewa, "Wannan ma ka rubuta a takardar taka!" Da aka kama shi na fuskanci alƙibla, na ambaci sunan Allah, na yanka. Ta yi gwaten acca irin na ƙasarsu, ta jera naman a kai, ta rufe langar, ta ɗaure da sabon kyalle. A keke ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba.

A bakin lungun Ƙofar Ran ta ce wa mai keke ya tsaya. Ya tsaya, amma ba ta sauka ba. Habibu ya sauka ya miƙa mata hannu ya ce, "Mama, yau dai ba juyawa." Ta sauka.

Mu maza muka tsaya a zaure, ita ta shige. Da fari ba mu ji komai ba, har Malam Bala ya fara jan carbi da sauri. Sai muka ji kuka, murya biyu. Muka ji Rifkatu tana ta'aziyyar da ta makara, Hajiya tana amsawa, ana ambaton Malam Umaru. Aka daɗe. Can sai muka ji ƙarar murfi, da muryar Hajiya Asabe sarai: "Har yanzu ba ki daina cika gishiri ba, Rifkatu." Dariya ta tashi a cikin gida.

A nan na ce wa Habibu ya buga mini uwarsa. Na ce, "Zinaru, na gani da idona. Yana salla, har ladan ya san wurin tsayuwarsa. Abin da ya hana shi faɗa miki sunan matar, amana ce aka ba shi, ya gwammace ya rasa karatunsa da ya ci ta. Ni ban san abin da ake nema a wajen ɗa da ya wuce wannan ba. Ni kaɗai zan dawo." Ta yi ta hamdala tana kuka, ta ce a ba shi wayar ta yi masa faɗan rama.

Aka kawo mana abinci, masa a babbar langa, nama a ƙarama, gwaten Rifkatu a ta tsakiya. Malam Bala ya jera su a kan tabarma ya zauna yana kallo, bai ko sa hannu ba sai da na ce masa ci zai yi ko gadi. Gishirin kam ya ɗan yi yawa.

Rigata ba ta fita ba, mai wanki ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ita ce wadda kuke gani ina sawa in zan shiga gona.

Da la'asar Rifkatu ta fito za ta tafi, sai na ga langar tsakiya a hannunta kuma, an wanke ta, an ɗaure da wani kyallen, tana riƙe da ita da hannu biyu don nauyi. Ta dube mu ta ce, "Malam, ka ga matar nan? Na zo sauke kaya, ta sake ɗora mini."

Daga bayan ƙofa Hajiya Asabe ta ce, "Wancan kin biya, na yafe sauran. Wannan kuwa, in ya wuce Juma'a, da ƙafata zan zo in karɓa. Yanzu na san gidan."